Curin gashi, amai da zawo: kula da cikin kyanwa da kare a gida

Wanda bai taɓa ganin curin gashi ba, ranar da ya fara cin karo da shi a kan tabarma ko a bayan ƙofa sai ya ɗauka kashi kyanwa ta yi. Abu ne dogo kamar yatsa, jiƙe da yawu da wani ruwa mai ɗorawa-ɗorawa. In aka sa tsinke aka tona, sai a ga gashi ne zalla ya cure, kuma ba shi da ɗoyin kashi. Ta baki ya fito. A cikin tumbi a dunƙule yake, matsewar maƙoshi ce ta miƙar da shi lokacin fitowa.

Asalin abin daga harshe ne. Kaushin da ake ji idan kyanwa ta lashi hannu wasu ƙananan ƙayoyi ne jere a kan harshenta, duk sun kwanta suna kallon maƙogwaro. Da su take taje jikinta, kuma gashin da ya maƙale a cikinsu ba ta iya tofar da shi, sai haɗiyewa. Ciki ba ya narkar da gashi. A kyanwa mai lafiya yakan bi hanji ya fita tare da kashi ba tare da kowa ya lura ba. Sai wanda ya tsaya a tumbi ne yake taruwa, ya cure, ya dami ciki har ta amayo shi.

Saboda haka idan curin gashi ya yawaita, ɗaya daga cikin biyu ne: ko gashin da ake haɗiyewa ya wuce kima, ko kuma cikin ne ya daina tura abu gaba yadda ya kamata. Mai kyanwa da ya tsaya a kan goge ƙasa da ba da basilin bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Kyanwar gida mai gajeren gashi tana iya shekara ba ta amayo curi ba. Masu dogon gashi irin 'yan Farisa, waɗanda yanzu ake saye a ajiye a ɗaki, sun fi yi. Idan ya kai sau ɗaya a wata ga mai gajeren gashi, ko kusan kowane mako ga mai dogo, ko kyanwa tana ramewa, a daina kiran abin al'ada.

Kafin komai: amai ne ko tari?

Nan ne aka fi yin kuskure. Kyanwa mai shirin amai takan yi ta lasar leɓe, yawu ya zubo, wani lokaci ta yi wani irin kuka, sannan a ga ciki yana matsewa sau da yawa, daga ƙarshe abu ya fito. Mai tari kuwa takan durƙusa ƙasa-ƙasa, ta miƙe wuya, ta riƙa fitar da busasshen sauti, in ta gama ta haɗiye, ba abin da ya fito. Mutane sukan ce gashi ne ya maƙale mata. Sau da yawa asma ce, kuma ƙurar hunturu, hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro suna tayar da ita. Gashi ba ya shiga huhu, don haka basilin ba zai yi mata komai ba. A ɗauki bidiyo da waya a nuna wa likitan dabbobi, domin da wuya ta yi a gabansa. Kyanwar da ta buɗe baki tana numfashi kamar kare kuwa ba a kwana da ita a gida.

Rage gashin tun daga waje

Gashin da ya tsaya a mataji bai shiga tumbi ba. Wannan shi ne aikin da ya fi duk sauran amfani, kuma shi aka fi yi wa lalaci. Mai dogon gashi tana son taza kullum, minti biyar ya isa, da matajin ƙarfe mai faɗin haƙora da farko, sannan mai ƙanana. Mai gajeren gashi sau biyu ko uku a mako, da buroshin roba. A bi kwanciyar gashin, a fara daga kumatu da wuya inda take so, a bar ciki da gindin wutsiya sai ƙarshe. In an gama a jiƙa tafin hannu ko tsumma a shafe ta daga kai zuwa wutsiya, za a yi mamakin abin da zai biyo. Idan zafi ya fara shigowa bayan hunturu gashi yakan kaɗe sosai, sai a ƙara yawan tazar. Gashin da ya riga ya kitse a hammata ko bayan kunne kada a sa masa almakashi, fatar kyanwa siririya ce kuma tana biyo kitson; injin aski ya fi.

Lokacin taza a duba fata. Baƙin gari kamar masoro da ke zubowa, in aka ɗora shi a kan farin tsumma mai laima ya koma ja, kashin ƙuma ne. Kyanwa mai ƙuma, ko ƙazwa, ko makero, lasar jikinta ninki ce, kuma gashin ciki da na cinyoyi yakan zama gajere kamar an aske. A nan maganin curin gashi shi ne maganin ƙuma. Amma a duba kwalin: maganin ƙumar kare mai sinadarin fametrin yana sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya, yana kashe ta. Maganin wankan kaska na shanu ma haka. A nemi wanda aka rubuta na kyanwa ne, daidai da nauyinta.

Basilin, kabewa da ruwa

Basilin farin nan marar ƙamshi, irin su Vaseline na asali, yana aiki ne saboda ciki ba ya narkar da shi: yana lulluɓe gashin ya sa masa santsi ya wuce. Rubu'in cokalin shayi zuwa rabi, sau ɗaya a rana, kwana biyu ko uku, daga nan sau ɗaya ko biyu a mako in akwai buƙata. A shafa shi siriri a bayan ƙafar gaba, ita za ta lashe da kanta. In aka ɗora da kauri sai ta yarfe shi a bango. A bar tazarar awa biyu tsakaninsa da abinci, kuma kada ya zama na kullum wata da watanni, don yana hana jiki tsotse bitamin da ke tafiya da mai. Mai turare, ko man zafi irin su Robb, ba ya shiga bakin dabba. Akwai na kanti da aka yi don wannan aikin, irin su Laxatone, wanda basilin ne aka ba ɗanɗano.

Man gyaɗa, manja, man shanu: duk abinci ne, hanji zai narkar da su kafin su yi wa gashin komai, abin da zai biyo baya zawo ne. Ruwan farafin na kemis kuma ya fi su haɗari. Ba shi da ɗanɗano, kyanwa ba ta jin sa balle ta haɗiye da kyau, in aka ɗura mata sai ya zarce huhu ya haddasa ciwon da ba ya warkewa da sauƙi.

Dafaffiyar kabewa, ba gishiri ba mai, a murje ta, cokalin shayi ɗaya a cikin abinci sau ɗaya ko biyu a rana, tana taimaka wa hanji ya kwashe gashi. Kare babba zai iya cin cokalin abinci ɗaya zuwa uku. Akwai kuma busasshen abincin kanti da aka ƙara wa harza saboda curin gashi, yana taimaka wa wasu. A raba abincin yini kashi uku ko huɗu maimakon tula shi sau ɗaya, tumbi ya fi saurin sauke ɗan kaɗan.

Sai ruwa. Kyanwa jikar magen daji ce ta busassun ƙasashe, ba ta da yawan jin ƙishirwa, ta saba samun ruwanta daga naman abin da ta kama. Ɓera kusan kashi 70 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, busasshen abincin kanti kuwa kashi 10 ne kawai. Buƙatarta kamar mililita 50 ce ga kowane kilo a rana, wato kyanwa mai kilo 4 tana son kimanin mililita 200, har da na cikin abinci. A ajiye ruwa a wuri biyu ko uku, a faffaɗan kwano, nesa da inda take kashi, a sauya shi safe da yamma. Mai cin busasshen abinci a riƙa jiƙa mata wani kashi, ko a zuba ruwan dafaffiyar kaza da ba a sa wa komai ba.

Idan an yi duk wannan tsawon mako shida aman bai ragu ba, matsalar tana cikin hanji ne ko wani wuri. Kumburin hanji mai daɗewa, rashin jituwa da wani nama, ciwon ƙoda, har da dajin hanji a tsofaffin kyanwoyi, duk sukan fara ne da abin da ake kira "aman gashi". Gashin da ake gani a aman ba shi ya kawo shi ba, ya dai tarar da hanya ce ya biyo.

Zare

Gidan da ake ɗinki, ko ɗinkin hula, ko kitso da zaren ulu, a karanta nan sau biyu. Ƙayoyin harshen nan da suka hana kyanwa tofar da gashi su ne suke hana ta tofar da zare. In ta fara wasa da shi ya shiga baki, haɗiyewa za ta yi ta yi, wani lokaci har da allurar. Bakin zaren ɗaya yakan naɗe a gindin harshe, sauran ya wuce hanji. Hanji yana ƙoƙarin tura abin da aka ɗaure daga sama, sai ya tattare a jikin zaren kamar bakin wando a jikin mazagi, zaren kuma ya riƙa yanka shi. Alamun su ne amai a kai a kai, ƙin abinci, laɓewa a lungu, da ciwo in an taɓa ciki. Idan aka ga zare yana leƙowa ta baki ko ta dubura, kada a ja. Ja ɗaya zai iya tsaga hanji a wuri da yawa. A kai ta asibiti a ranar, galibi aiki ake yi.

Shi ma curin gashi, ko da yake ba kasafai ba, yakan wuce tumbi ya toshe hanji. Kakarin amai ba abin da ke fita, ƙin abinci na yini guda cur, rashin kashi: ba lokacin basilin ba ne kuma.

Kare: ba gashi ba ne, haɗama ce

Kare ba ya lasar jikinsa kamar kyanwa, don haka curin gashi a wurinsa baƙo ne. Ana ganinsa a mai ƙaiƙayi da ke cizgar jikinsa, ko wanda ya cinye abin farauta da gashinsa, ko wanda ya samu guntun fatar rago. Abin da ya fi cusa kare a asibiti shi ne abin da ya haɗiye: ƙwallon mangwaro, totuwar masara, ledar da aka ƙulle nama, safa, tsinken tsire, da ƙashi. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa da kaifi. Na rago da na sa kuwa in kare ya ci da yawa sai ya koma kamar siminti a babban hanji, a ga yana ta nishi yana fitar da farin kashi mai marmashi. Bayan Babbar Sallah ana yawan ganin wannan, tare da wata cutar da tulin kitse ke tayarwa, kumburin fankiriyas, wata 'yar tsoka da ke manne da farkon hanji. Kare mai ita yana amai, yana ƙin abinci, yakan duƙar da ƙirji ƙasa ya ɗaga baya saboda ciwo. Naman layya a ba shi tsoka dafaffiya ɗan kaɗan, kitse da kayan ciki ɗanye a binne su inda ba zai tono ba.

Aman ruwa mai ɗorawa da asuba, a karen da ke cin abinci sau ɗaya a yini kuma lafiyarsa ƙalau bayan nan, yawanci ɗacin matsarmama ne ya dawo tumbin da ba komai a ciki. A raba abincinsa biyu, a ajiye masa ɗan kaɗan kafin kwanciya.

Duba dabba kafin a yanke shawarar jinya a gida

Abu huɗu ne, ba sa cin minti biyar. A ɗaga leɓe a duba dasashi: ya kamata ya zama ja-ja mai laima. A danna da yatsa, zai yi fari, ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Fari fat, ko ɗorawa, ko busasshe mai danƙo, alama ce marar kyau. A kama fatar tsakanin kafaɗu a ɗaga a saki: in ta koma nan take ruwan jiki da saura, in ta tsaya tsaye ruwa ya ƙare. A shafa basilin a ma'aunin zafi a sa a dubura, na kare da na kyanwa duka tsakanin digiri 38 da 39.2 ne. Sannan a lallatsa ciki a hankali da tafin hannu, a ga ko zai ƙanƙame ko ya yi ƙara.

A dubi abin da ya fito ma, duk da ƙyanƙyami. Zawo mai yawa kamar ruwa daga ƙaramin hanji yake, shi ne mai saurin ƙarar da ruwan jiki. Kaɗan-kaɗan sau da yawa, da majina da ɗigon jan jini da nishi, daga babban hanji ne. Baƙi mai danƙo kamar kwalta jini ne da ya zubo daga sama ya narke. Amai mai kamar garin kofi shi ma jini ne.

Jinyar gida ta babban kare ce ko babbar kyanwa da suka yi amai sau ɗaya ko biyu, ko zawo marar jini, amma idonsu a buɗe, suna yawo, suna shan ruwa yana zama. Jariri, tsoho, mai ciki, mai ciwon suga ko na ƙoda, ba sa cikin wannan lissafi.

Yadda ake jinyar

A ɗauke abinci. Babban kare awa 12. Kyanwa awa 6 zuwa 8 ya isa, kada ta wuce 12, domin kyanwa, musamman mai ƙiba, in ta yi kwanaki ba ci, kitse yakan taru a hantarta ya kashe aikinta. Kwikwiyo da 'yar kyanwa ba a sa su azumi sam, sukarin jininsu yana faɗuwa cikin awoyi. In zawo ne kawai ba amai, ba sai an hana abinci ba, a wuce kai tsaye zuwa mai sauƙi.

Ruwa kuwa ba a hana shi, ana dai auna shi. Kare mai amai in ya samu bokiti zai sha ya cika ciki ya mayar. A jira awa ɗaya bayan aman ƙarshe, sannan a ba kyanwa ko ƙaramin kare cokalin shayi ɗaya ko biyu, kare mai kilo 20 kamar mililita 50, duk bayan minti 20 zuwa 30. In ya zauna awa biyu sai a ƙara. Ruwan gishiri da sukari irin na yara yana da amfani ga mai zawo: cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce. A ajiye shi kusa da ruwan zalla, ba a madadinsa ba. In za a ba da sirinji, a cire allurar, a sa ta gefen baki, kai a daidai ba a ɗage ba, kaɗan-kaɗan ana bari yana haɗiyewa. Dabbar da ta galabaita har ba ta iya ɗaga kai ba a ɗura mata komai, ƙarin ruwa ta jijiya take buƙata.

Abincin farko: farar shinkafa da ta dahu lugub da tsokar kaza dafaffiya ba fata, ba mai, ba gishiri, ba Maggi. Ga kare, shinkafa kashi biyu, kaza kashi ɗaya. Kyanwa maciyar nama ce, a ba ta kazar kusan zalla, ko farin kifi dafaffe da aka tsince ƙayarsa. A fara da cokalin abinci ɗaya ga ƙarami, uku ko huɗu ga babba, duk bayan awa biyu ko uku. A ranar farko rabin abin da ya saba ci ya isa. In kashi ya fara ɗaurewa, a riƙa cakuɗa abincinsa na da, rubu'i, rabi, kashi uku cikin huɗu, cikin kwana uku zuwa huɗu. Wannan abinci na jinya ne, bai cika ba, kada ya wuce mako. Haka nan duk lokacin da za a sauya wa dabba abinci, a yi shi cikin kwana bakwai. Sauyin dare ɗaya kaɗai ya isa ya kawo zawo.

Madara ba ta cikin jinya. Yawancin kyanwoyi da karnuka in sun girma ba sa iya narkar da sukarin madara, shi ne ma yakan kawo zawon da ake neman tsayarwa. Ragowar miya da tsire mai yaji kuma akwai albasa da tafarnuwa, waɗanda ke fasa jajayen ƙwayoyin jini, ɗanye ko dafaffe. Giram 5 ga kowane kilo ya isa ya taɓa kyanwa, kuma sai bayan kwanaki ake ganin dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu. Cakulan, goro, inabi da zabibi ma a nisanta su da kare.

In awa 24 ta wuce amai bai tsaya ba, ko zawo ya kai kwana biyu, ko kyanwa ta yini ta kwana ba ta ci ba, jinyar gida ta ƙare.

Maganin mutane

Garin neman gira ake rasa ido a nan. Ƙwayar farasitamol ɗaya, Panadol ko waninsa, tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta da abin da ke warware shi. Fuska takan kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa. Ibufurofen da diklofenak suna huda tumbi su lalata ƙodar kare da kyanwa. Imodium yana tsayar da hanji da gubar a ciki, kuma yana bugar da kyanwa da wasu jinsin karnuka. Flagyl likitoci suna ba da shi, amma da awo. In ya yi yawa sai dabba ta riƙa tangaɗi, ido yana rawa, ga shi yawancin zawo ba ya ma buƙatarsa. Gishiri ko kanwa don a sa amai guba ce a kan guba. Dabbar da ake zargin ta ci fiya-fiya ko Sniper, yawu yana dalala, ga amai da zawo da karkarwa, ɗura mata manja ko madara yana ƙara saurin shigar gubar jini, saboda gubar tana narkewa a mai. A ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti.

Cushewar ciki

Lafiyayyar kyanwa tana kashi kusan kullum. Kwana biyu ba ta yi ba, ko tana fitar da busassun ƙwallaye da ƙyar, a ƙara ruwa da kabewa, a tsabtace kaskon yashinta, don takan riƙe kashi in wurin ya yi ƙazanta. Likita yakan ba da laktulos, wanda ake sayarwa da sunan Duphalac, kamar rabin mililita ga kowane kilo sau biyu ko uku a rana, bayan ya tabbata ba toshewa ba ce. Maganin ɗura ta dubura na mutane mai sinadarin fosfet yana kashe kyanwa, ruwan sabulu ma kada a gwada.

Muzuru da ke yawan zuwa wurin kashi, yana nishi, yana kuka, yana lasar gabansa, a duba yashin da kyau. Mai yiwuwa ba kashi ne ya gagara ba, fitsari ne ya toshe. Mafitsara takan yi tauri kamar lemo a ƙasan ciki. Wannan yana kisa cikin kwana ɗaya zuwa uku.

Tsutsar ciki

Kwikwiyo mai tulun ciki da busasshen gashi, mai aman dogayen tsutsotsi farare, macijin ciki ne, kuma tun a cikin uwa yake samunsa. Wata ƙarama mai ƙugiya tana shan jini a bangon hanji, ita ke kawo baƙin kashi da farin dasashi. Abin da ake gani kamar ƙwayar shinkafa yana motsi a bakin dubura guntayen tsila ne, kuma daga haɗiye ƙuma ko cin ɓera ake samunta, shi ya sa in ba a kashe ƙumar ba take dawowa. Kwikwiyo ana fara ba shi magani yana mako biyu, 'yar kyanwa tana mako uku, a maimaita duk mako biyu har su kai wata uku, sannan duk wata har wata shida, daga nan duk wata uku. Fenbendazol, wato Panacur, miligiram 50 ne ga kowane kilo, kwana uku a jere. Tsilar ƙuma ba ta jin sa, sai firazikwantel, miligiram 5 ga kilo, wanda ke cikin Drontal. A auna dabbar da gaske: mutum ya hau sikeli da ita, ya sauka ya hau shi kaɗai, a cire. Ƙatuwar ƙwayar albendazol ta awaki da allurar aibamektin ta shanu da ake gutsura wa kare da ka sun kashe da yawa, na farkon yana taɓa ɓargo, na biyun ƙwaƙwalwa. A kwashe kashi kullum daga inda yara ke wasa, ƙwan waɗannan tsutsotsi yana kama mutum.

Uku da ba sa jira

Kwikwiyo ɗan mako shida zuwa wata shida da ya daina ci, ya kwanta, ya fara amai, sannan zawon jini mai ƙarni ya biyo, a ɗauka cutar fabo ce har sai gwaji ya ce ba ita ba. Ƙwayar cutar tana cinye bangon hanji, babu maganin da ke kashe ta, ƙarin ruwa da alluran tsayar da amai da na kare jini daga ƙwayoyin hanji su ke riƙe shi har jiki ya yi nasara. Tana rayuwa a ƙasa watanni. Dettol da Izal ba sa kashe ta, ga su kuma guba ga kyanwa. A wanke wurin da omo, sannan a zuba bilic irin su Hypo ko Jik, kashi ɗaya a ruwa kashi 30, a bar shi minti goma. Rigakafi yana farawa a mako shida zuwa takwas, a maimaita duk mako uku zuwa huɗu har mako 16, kuma allura ɗaya ba ta isa ba. Kyanwoyi suna da irin tasu, ita ma da rigakafinta.

Babban kare mai zurfin ƙirji, irin su Alseshiyan da Bowabul, da ya ci ya ƙoshi sai ya fara kakarin amai ba abin da ke fita sai kumfa, ya kasa zama, cikinsa ya kumbura bayan haƙarƙari yana amo kamar ganga in an ƙwanƙwasa: tumbi ne ya cika da iska ya murɗe. Awoyi ne tsakaninsa da mutuwa, kuma aiki ne kawai mafita. Irin waɗannan a raba musu abinci sau biyu ko uku, kada su yi guje-guje awa ɗaya bayan ci.

Na ukun ya shafi ran mutum. Kare ko kyanwa da yawu ke dalala, baki a sake, yana kakari kamar ƙashi ya maƙale masa, muryarsa ko halinsa ya sauya, kada kowa ya zura hannu a bakinsa neman ƙashin. Haka ciwon haukan kare yake zuwa a wasu, ba cizo ba hargowa. A kulle shi, a kira likitan dabbobi. Wanda aka ciza, ko yawun ya taɓa masa rauni, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allurai, kada ya jira ya ga yadda karen zai ƙare.

In za a tafi asibitin dabbobi da matsalar ciki, a tafi da sabon kashi kamar cokali ɗaya a ƙulle a leda, hoton aman, kwalin duk maganin da aka riga aka bayar, da lokacin da aka ba da shi, da katin rigakafi. Kyanwa a sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai huji, ba a hannu ba. Kada a ba da abinci kafin a fita, ko da za a buƙaci sa barci don hoto ko aiki.